Waƙoƙin Inna a Cikin Faifai

Ranar wata Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci, a kakar shekarar da Inna ta rasu. Ina durƙushe gaban dutsen niƙa a bayan rumbu, ina jan gero ina rera waƙar da takan rera, sai inuwar mutum ta rufe ni. Wana ne, Yaya Sale, mai aiki a wani shagon buga takardu can wajen kasuwa. Da na kai ƙarshe sai ya zaro wani baƙin abu mai kusurwa huɗu daga aljihu, da ɗan ƙarfe mai zamewa a bakinsa. Ya ce faifan kwamfuta ne, fulofi suke ce masa, a ciki zai ajiye waƙoƙin Inna kafin su bi ta.

Lokacin ban wuce shekara goma sha uku ba. Gidanmu ya yi shirun da ban taɓa sani ba. Baba yana bin kasuwannin dabbobi, yau Mashi gobe tsallaken iyaka. Gwaggo, yayarsa, aka kawo ta riƙe mu, ga nauyin kunne ga rashin son magana. Ni ce ɗebo ruwa, ni ce surfe, ni ce zuba wa awaki harawa. Da la'asar ina jiyo 'yan matan unguwa suna gaɗa a dandali, ni kuwa ina tankaɗe. Ba a sa ni boko ba, allon ma na ajiye tun da Inna ta kwanta. Abin da ya rage mini nata waƙoƙin nan ne, na niƙa da na daka da na rarrashin yaro, kuma duk gidan ba mai su a ka sai ni.

Na juya faifan na ce abin da ko ƙwayar gyaɗa ba za ta shige shi ba, ina zai kai waƙa? Yaya ya yi dariya, ya ce a birnin Daura aka haife ni amma ƙauyanci ya yi mini katutu. Ya tsuguna ya zana da'ira a ƙasa da tsinke, ya yayyanka ta. Ya ce ciki ɗakuna ne ƙanana, sun kusa dubu uku, kowanne yana cin baƙaƙen rubutu ɗari biyar da 'yan kai, kamar yadda ake duban rumbu a ce dami kaza zai ci. Gajeriyar waƙa ɗaki ɗaya, doguwa biyu ko uku. Na ce in waƙa ba ta cika ɗakinta ba fa, sai a kawo mata abokiyar zama? Ya girgiza kai. "Ko sunanki kaɗai na ajiye, ɗaki guda zai ci, ba mai shigo masa." Maganar nan ta soke ni. Na roƙe shi ya haɗa su wuri guda, kada wata ta zauna ita kaɗai.

Haka muka yi ta yi har aka gama roron wake. Ina rerawa yana rubutawa, in ya karkace in ce ba haka Inna take faɗa ba, washegari ya je shago ya buga a faifan, takardun kuma su tafi wurin mai ƙosai ta naɗe da su. Duk shekarar, wannan ne kaɗai lokacin da wani ya zauna yana saurarena. Bayan ƙaramar salla ya hau motar Kongolam, wai zai nemi aiki can arewa. Ya damƙa mini faifan ya tafi, kuma har yau ba mu ji ɗuriyarsa ba.

Da na gaya wa Gwaggo rumbun waƙa ne, sai ta ce, "Abin ajiya sai da toka, in ba haka ba ƙwari su shiga." Ta binne shi cikin tulun toka tare da irin wake, ta liƙe bakin da laka. Kowace damina in an fasa tulun, sai in ciro shi in hure in mayar. Hankalina ya kwanta, tunda an ajiye. Injin niƙa ya zo unguwa, aka kife dutsen, ni ma bakina ya mutu.

Yanzu ga ni da jikoki. Bara babbarsu, Zainabu, ta zaga da faifan shagunan garin nan kaf, ba wanda ke da na'urar da za ta haɗiye shi. Wani ma ya ce ko an samu, toka ta riga ta cinye cikinsa. Ta ce kada in damu, wayarta tana ɗaukar abin da irinsa dubbai ba za su ɗauka ba. Ta kara mini ita a baki ta ce, "Kaka, rera." Na kama farkon ta niƙa, na zo tsakiya na tsaya, na koma na sake tsayawa a nan. Tana jira, ina jira. Wurin ajiya ya yalwata, abin ajiyar ne ya ƙare.