Kawu Ilu da Sarewar Ƙauyen Masunta

Duk wanda ya san Kawu Ilu a unguwar Gudel ya san yatsan nan nasa. Ko daka ake yi a maƙwabta, sai ya ɗaga shi sama, ya rufe ido, ya ce, "Taɓarya ta biyu tana makara." Ya daɗe yana busa kilarinet a fanfar, wato ƙungiyar makaɗan soja, sannan ya koma noman salati a garka, amma kunnen bai yi ritaya ba.

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, gidansa na sauka da na zo karatu Yamai daga Damagaram. Na sayo tsohuwar na'urar wasan bidiyo a kasuwar Wadata, na jona a tele. Kwana uku Kawu yana cewa shirme ne, har ran da jarumar wasan ta shiga wani ƙauyen masunta, kiɗa ya sauya. Ya tsaya a bakin ƙofa da buta a hannu.

"Dakata nan, ɗiyata. Kin ji? Sarewa ita kaɗai, kamar mai kiran wanda ya riga ya haye gulbi. Yanzu masu goge za su shigo ta ƙasa, a hankali. Ga su nan. Ganga ba ta da izini tukuna." Da kiɗan ya zagayo ya ce, "Wanda ya tsara wannan maraya ne."

Daga ranar aka hana ni fita daga ƙauyen. Na ce, "Kawu, dodon wasan zai cinye duniya fa." Ya ce, "Ya jira. Ina za shi?"

Inna Hajo, matarsa, ta kama shi yana share ido gaban tele. Ya ce albasar garka ce. Ta ce, "Salati kake nomawa, Ilu."

Ran da na faki idonsa na kai wurin dodon, sai ga Kawu daga garka, da taɓo har gwiwa. Ƙahoni na ruri, ganguna kamar ana rushe gari. Ya fizgi muciyar Inna Hajo, ya tsaya tsakanina da tele yana ba makaɗan umarni. Bayan rigarsa kawai nake gani. Dodo ya gama da ni. Kawu ya juyo yana haki. "Mai ƙaho na uku ne ya kashe ki, ya yi gaggawar shiga. Ki rubuta musu wasiƙa."

Na ce ƙila ma ba mutane ba ne, ordinatar ce, wato kwamfuta, ke kiɗan. Ya ƙi kula ni har la'asar. Sannan ya sa na koma ƙauyen, ya manna kunnena jikin tele. Kafin busa ta biyu, can ƙasa-ƙasa, wani ya ja numfashi.

"Ordinatar taki tana da huhu?"

Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, busa ta gagare shi. Nakan kunna masa kiɗan da hantsi, yatsunsa na tafiya a kan bargo. Wata rana ya jawo ni kusa, na ɗauka wasiyya ce. Ya ce, "In ta faru, ki tsaya kusa da Hajo. Kullum daga sama take ɗauko kuka, sauran mata ba za su iya binta ba."

Da ta faru na tsaya kusa da ita. Ko kaɗan ba ta ɗaga murya ba, hannuna kawai ta riƙe.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya yalwata masa kabarinsa, ya ba Inna Hajo haƙurin zama a gidan da ya yi shiru.