Baƙon da Ilu ya ɗauko a hanyar Safo

Jama'a, wallahi wannan ni ya faru da ni, shekarar da nake yaɓen gini a Madarumfa. Ƙanena Ilu, ɗan kabu-kabu, sakarai ne na ƙarshe, ko kare ya yi masa murmushi sai ya ba shi tabarma. Ran nan ya ɗauko wani ƙato a hanyar Safo, ya ce ina za a kai ka, ƙaton ya ce, "Inda ka nufa." Shi kuwa gaula ya kawo shi har zaurensa!

Wata biyu mutumin nan yana zaune, ba salla ba sana'a, sai ci kamar gara. Hatsin rumbu ya yi rabi, ɗiyar Ilu ta goye tana ta ramewa, an rasa ciwon. Na ce ya kore shi, wai kunya yake ji, ba a tambayar baƙo ranar tafiya. Tir!

Da nake kankare bangon zauren don yaɓe, sai na fasa ramukan ƙudan zuman nan marasa taro, kowacce da raminta. Babu ɗan zuma ko ɗaya, duk hangara ce kwance ciki, ƙwaron nan da in ya taɓa fata sai ta yi bororo. Wani malamin gona da ke wucewa ya ce ai tsutsarta ke maƙalewa a bayan zumar, zumar da kanta ta kai ta gida, tsutsar ta cinye ƙwan da abincin.

Sai baƙon nan ya faɗo mini a rai. Da rana tsaka na damƙi hannun baƙon na ce, "Tashi, matsiyaci!" Tafin hannuna ya ɗau zafi, nan take ya yi bororo. Ya dube ni yana dariya.

"Malam, ni ban shigo ba, kawo ni aka yi. Wanda ya kawo ni ya mai da ni."

Ilu ya goya shi a babur. Da la'asar ya dawo shi kaɗai, kafaɗunsa da shatin yatsu goma, duk sun tashi ruwa. Bai shiga wurin matarsa ba, ya zauna a zaure ya ce a kawo tuwo, ya cinye na mutum huɗu. Yarinyar na ganinsa ta ƙwalla ƙara, har yau da ta girma ba ta yarda ya taɓa ta.

Ni dai ban san wa ya dawo mana ba. Ku masu abin hawa, wanda bai faɗi inda za shi ba, ku bar shi a bakin hanya.