Saniyar Saleh a Bangon Makaranta

Yayana Ashemi bai wuce aji huɗu na firamare ba, amma yara da yawa a Lafiya a jikin zanensa suka fara karanta Turanci. Shekara ashirin da biyar yana zana bangon makarantu. Ni ƙanwarsa Zahra, malamar Turanci, ni nake rubuta masa kalmomin a takarda, shi kuma ya kwafe su harafi-harafi yana cije leɓe. Bai taɓa ɓata harafi ɗaya ba. Ni mai takardar shaidar ma nakan ɓata.

Bangon wakilan suna ya fi so, kuma yana da wani hali: ba ya zana mutumin da bai sani ba. A ƙarƙashin "he" Modu mai shayi za ka gani da butarsa. A "himself" kuwa Aloysius mai aski ne yana gyara gemunsa da kansa. "This" doya ce a kusa, "that" doya can nesa. Wurin "I" ba ya zana kowa, ɗan madubi yake mannawa daidai tsayin yaro.

Sai fostocin leda da ake bugawa a inji suka shigo, ga arha ga sauri. Aiki ya tsaya cak. Wata takwas Yaya yana tuƙa keken haya, hannunsa tas babu ɗigon fenti. Wallahi ganin hannun nan yana ƙona mini rai.

Da Madam Fanen ta buɗe makaranta a Azuba ta ɗauke ni aiki, na tarar ta riga ta sayi fostarta, cike da yaran Turawa. Na bi ta da magiya ta ba Yaya aikin zanen bango, har ta gaji.

"To, bango ɗaya," ta ce. "Amma ki ji ni, Zahra. Ko mutum ɗaya cikin iyaye ya kawo ƙara, farar ƙasa zan sa a shafe, fosta ta hau."

Kwana shida Yaya ya yi a kan tsani yana waƙa. Da ya zo kan "mine", sai ya zana Saleh, makiyayin da ke wucewa ta bayan makarantar kullum, wanda 'yarsa take aji uku. Ga malfa, ga sanda, ga saniya a gefensa. Bango ya yi kyau, yara har ture juna suke a gaban madubi.

Ranar Litinin sai ga Saleh, fuska a murtuke. Na ce a raina shi ke nan, an yi ba a yi ba. Madam ta fito daga ofis, Yaya kuwa ya tsaya riƙe da hularsa.

"Malama," in ji Saleh, "'yata ta ce wannan rubutun yana nufin tawa ce. Haka ne?"

"Haka ne, Baban Juwairiya."

"To wannan ba saniyata ba ce! Tawa fara ce, mai dogayen ƙaho. Wannan ja ce. Duk ruga ana yi mini dariya, wai an kama ni da saniyar mutane, har ina rantsuwa da Turanci tawa ce."

Yaya ya ce a hankali, "Ka yi haƙuri, Malam Saleh. Bangon fari ne, farar saniya ba za ta fito ba, shi ya sa."

Madam ta dube ni. "Ƙara ce wannan, ko ba ƙara ba?"

Haushi ya kama ni, na buɗe baki zan yi magana, Saleh ya riga ni. "Wa ya ce a goge? Kada wanda ya taɓa ni a bangon nan! Saniyar za a gyara."

Washegari da safe, ana tsakiyar taron yara, sai ga Saleh ya shigo ta ƙofar makaranta janye da saniyar. Kai, ranar an sha dariya! Yaya ya fara shafa koriyar ciyawa a baya, sannan ya ɗora farar saniya a kai. Saleh na tsaye a kansa kamar mai duba jarrabawa: ƙahon hagu ya fi lanƙwasa, akwai baƙin tabo a kunne, wutsiyar ba ta kai haka ba. Da aka gama ya daɗe yana kallo, ya juya ga yaran ya nuna ƙirjinsa ya ce, "Mine!" Makaranta ta kaure da shewa.

Kafin mako ya ƙare, iyaye bakwai sun zo tambayar me ya sa ba a saka su ba. Madam ta kira Yaya ta ba shi sauran bangaye duka, ta kuma ce lalle a saka ta a "we", amma a rage mata ƙiba. Fostar kuwa yanzu ita ce rufin akurkin kajinta.

Ranar da ya kama bango na biyu, a gidansa na ci abinci. Matarsa ta kawo kananzir don ya wanke fentin da ke hannunsa, kore da fari har gwiwar hannu. Ya ture kwalbar gefe, ya sa aka miƙo masa cokali.

"Bar mini shi ya kwana biyu," ya ce. "Na daɗe ban gan shi ba."