Man Shanuna a Rumfar Kwano

Mun tashi daga Katagum ana idar da sallar asuba, ni da abokin tafiyata, da jakunanmu ɗauke da man shanu. 'Yan rumfarmu ne suka aike ni in gano musu sababbin rumfunan kwano na kasuwar Azare, don Sarkin Kasuwarmu ya ce in na yaba, za a rushe tsohuwar rumfarmu ta ƙasa a yi irinsu. Ni kuwa tun a gida kwano ya tafi da hankalina.

Hanya rairayi ne har idon sawu. A Sakwa muka yada zango, wata Bafulatana ta dama mana fura, abokina ya sha har ya fara zancen dawowa garin da zama.

Ranar kasuwa da hantsi muka shiga Azare. Tun daga nesa kwano ke ɗaukar ido, ga ginshiƙan bulo a jere, ga daɓen siminti sumul. Na baje kayana ina hura hanci. Rana na yin tsaka sai na ji kamar an kifa mini tukunya. Mai ya narke, ya bi bakin ƙwarya yana tsiyaya, ni ma haka.

Wani dattijo mai goro ya hango ni, ya ce, "Malam, kwaso kayanka ka shigo nan, kafin a sayar da kai a kwalba."

Tasu rumfar tun zamanin da sarauta ta dawo Azare daga Katagum aka gina ta. Bango ya yi kaurin kamu, rufin azarar giginya ne da ƙasa a kai, iska na shigowa ta 'yan tagogi can sama. Ya ce kowace bazara 'yan layin ke yin gayya su yaɓe ta, a ci tuwo tare. Na zauna, wallahi sai kewar tamu ta kama ni.

Muna komowa gida na tarar ana jirana. Na durƙusa gaban Sarkin Kasuwa na ce, "Ranka ya daɗe, kwano na da kyau, amma a ba 'yan koli. Na gano abin da ya yi wa ido daɗi ba lallai ya yi wa mai ba."

Babban rumfarmu, wanda mahaifinsa ya jera azarar rufinta, ya share ido da bakin rawani, ya ce, "To me ake jira? A jiƙa ƙasar yaɓe!"