Yayen Ɗan Kyaftin a Rido

Ƙarfe bakwai da minti arba'in na safe, ranar wata Talata cikin damina, mu uku ne a ofis: ni, da Manjon da ke shugabantarmu, da Kofur Iliya direba, wanda ya shigo karɓar makullin mota. Safiyar nan ba ta taɓa fita daga raina ba, kuma na rubuta ta ne domin ku da kuke riƙe da kujerar yanzu.

Bari in fara da aikin, saboda wanda bai san shi ba. A tsakiyar shekarun tamanin ina Saje, a sashen kula da iyalan baƙin hafsoshi. Wasu ƙasashen Afirka kan turo hafsoshinsu Kaduna su yi kwas, wasu su taho da mata da 'ya'ya. Gidajen bariki ba sa isa, sai a kama musu haya a gari. Ni nake karɓarsu, in buɗe wa kowane iyali fayil, in nuna musu kasuwa da asibiti, in riƙa zagayawa duk mako. Dokoki biyu ne manya. Ta farko, iyalin baƙo ba ya kwana a wajen gidan da ke rubuce a fayil sai da sa hannun hafsan. Ta biyu, in wani ya ɓace, a aika sigina, wato saƙon gaggawa na soja, hedikwata kafin sha biyun ranar da aka sami labari. Sigina kuwa in ta tafi ba a janye ta. 'Yan sandan soja su fita kame, a sanar da ofishin jakadanci, a ƙarshe a mayar da iyalin ƙasarsu, hafsan ya ƙarasa kwas shi kaɗai.

Iyalin da nake magana a kansu daga Zambiya suka zo: Kyaftin Mulenga, da matarsa Madam Grace, yarinya ce ƙarama, da ɗansu Chanda da ya kusa shekara biyu. Na sama musu ciki da falo a wani gidan haya a unguwar Nasarawa. Watansu huɗu a lokacin, kuma Madam ta sha wuya kafin ta fara sabawa. Yajin miyarmu ya sa ta kuka a makon farko. Ta yi ta neman garin masara na cikin buhu irin na ƙasarsu, sai da na kai ta wurin injin niƙa da kaina. Ta ɗauka mai ruwa ma'aikacin gwamnati ne. Gaisuwar safe ma ta ɗaure mata kai, ta tambaye ni me ya sa kowa ke tambayarta gajiya alhali yanzu ta tashi. Wadda ta riƙe ta a gidan ita ce maƙwabciyarta, Mama Talatu, mai toya ƙosai a ƙofar gida, mijinta Baba Yohanna yana aiki a masaƙa.

A wannan mako Kyaftin yana daji wurin atisaye, babu hanyar samunsa.

Madam ta shigo ofis ba ta ƙwanƙwasa ba, silifas ɗinta duk taɓo, babu yaro a hannunta. Da Turanci muka yi magana, zan faɗa da Hausa.

Ta ce, "Saje, Chanda bai kwana a gida ba."

Manjo ya ajiye biro. Na ba ta kujera, na ɗauki takarda, na ce ta bi mini abin daki-daki. Ta ce jiya da ƙarfe huɗu na yamma Mama Talatu ta goya yaron, ta ɗauki ledar kayansa, ta fita. Da yardarta ne, ta ɗauka nan kusa za su. Har magariba ba su dawo ba. Ta tambayi Baba Yohanna, ya ce ta kwantar da hankalinta, yaro yana hannu mai kyau. Ta ce a ina? Ya yi dariya, ya ce ita kam ba za a faɗa mata ba.

Na ce, "Sauran matan gidan fa?"

Ta ce, "Su ne suka fi ruɗa ni. Sun shigo ɗakina suna yi mini sannu da barka. Ɗaya ta kawo ruwan zafi. Ɗaya ta kawo zane, ta ce in ɗaure ƙirjina. Ɗana ba ya nan, su kuma suna murna."

Na rubuta duk wannan, ban gane komai ba. Mai satar yaro ba ta barin mijinta da kaskon suyarta a gida. Amma kuma wanda ba shi da mugun nufi me zai sa ya ɓoye wa uwa inda ɗanta yake?

Manjo ya duba agogo. Ya ce, "Saje, sha biyu. Ko in ga yaron nan da idona a kan teburin nan, ko in ga sigina in sa hannu. Ka san abin da zai biyo baya."

Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe."

Madam ma ta sani, domin ni na karanta musu dokar ranar da suka iso. Tana son ɗanta, kuma ba ta son a ce ita ta jawo aka raba su da mijinta a tsakiyar kwas.

Ƙarfe takwas da rabi muka isa Nasarawa. Na tarar da Baba Yohanna a tsakar gida yana goge takalmi, zai tafi aikin rana. Da ya ga kaki ya miƙe.

Na ce, "Baba, ina matarka ta kai ɗan Kyaftin?"

Ya dubi Madam, ya dube ni. Ya ce, "Oga, mu ɗan koma gefe."

"Faɗi a nan."

"A gabanta? Ai shi ke nan an ɓata aikin."

"Wane aiki?"

Ya rage murya duk da Madam ba ta jin Hausa. Ya ce, "Yaye mana. Oga, kai ba a yaye ka ba?"

Nan na tsaya da biro a hannu. Ni kaina a ɗakin kakata aka yaye ni, haka ƙannena duka. Zane, ruwan zafi, barka, duk na san su tun ina yaro, amma da na ji su a ofis da Turanci ban gane su ba.

Na juya na tambayi Madam ko sun taɓa maganar yaye da Mama Talatu. Ta sunkuyar da kai. Ta ce tana da ciki wata uku, nas ta asibitin bariki ta ce ta cire yaron daga nono. Ta gwada sau uku, kukansa ya fi ƙarfinta. Ta faɗa wa Mama Talatu, ita kuma ta ce ta bar mata, za ta ɗauke shi ta yaye mata shi. Madam ta ce to, ta yi godiya. A tunaninta za a riƙa fita da shi da rana ne a ɗauke masa hankali.

Na ce, "Ta faɗa miki kwana nawa?"

"Ban tambaya ba. Ban san akwai kwana a ciki ba."

Baba Yohanna ya ce, "To wa ke tambaya? Kowa ya sani." Na ce masa wannan kowan bai kai Zambiya ba. Sannan na gaya masa in bai faɗi wurin ba, kafin azahar shi da matarsa suna gadirum, ɗakin tsare mutane na bariki. Sai ya ce ƙauyen Rido, gidan surukarsa. Na sa shi a mota ya nuna hanya, yana ta mitar za a yanke masa aikin yini.

Hanyar Rido ta cinye mana lokaci. Ruwa ya kwana yana zuba, sau biyu muka sauka muka tura mota. Ƙarfe goma saura kwata muka tsaya a bakin wani gida mai katangar ƙasa, ana hango wutar matatar mai daga nesa. Mama Talatu ce ta fara fitowa. Da ta ga Madam a cikin mota ta riƙe baki.

Ta ce wa mijinta, "Kai ne ko? Magana ɗaya na bar maka."

Ya ce, "Ki tambayi Oga. Gadirum ya ambata."

Sai ga tsohuwar, mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Kaka. Gajeriya ce, da sanda. Ta tsaya a bakin ƙofa ta tare ta. Na gaishe ta yadda ya kamata, na yi mata bayanin doka ta farko da ta biyu. Ta saurare ni har na gama.

Ta ce, "Ɗan nan, ka gama?"

"Na gama, Kaka."

"Yarinyar nan uwarta na ina?"

"Tana ƙasarsu."

"Uwar mijinta fa?"

"Ita ma."

"To. Yaro ba shi da kaka a ƙasar nan, ga ƙani a ciki. Wa zai yaye shi? Kai?"

Na ce doka dai doka ce. Ta ce jikoki goma sha biyu ta yaye a ɗakin nan, babu wanda aka zo nema da soja. Kwana bakwai ne, an riga an ci ɗaya, wanda ya fi wuya. Jiya ya yi kuka har ya gaji, yau da safe ya sha kunun gyaɗa ludayi biyar. In ya ga uwarsa yanzu, an koma farko.

Na fassara wa Madam kalma da kalma. Ta ce tana son ta gan shi kawai. Kaka ta yi tsaki, sannan ta yarda, amma ta bayan gida, inda katanga ta zube aka tare da zana. Muka zagaya. Ni Saje cikin kaki, da matar Kyaftin, muka durƙusa muna leƙe ta ɓular zana kamar ɓarayin kaji.

Chanda yana zaune a kan tabarma da rigar wani, fuskarsa duk kunu, yana jan igiyar wata akuya. Ba ya kuka. Madam ta dube shi ta daɗe. Na duba agogo, goma da kwata.

Ta ce a hankali, "Saje, in na bar shi fa?"

Na ce, "In kin bar shi, ba ni da abin da zan ɗora a teburin Manjo sai sigina."

"In na ɗauke shi kuma?"

"Kaka ta ce an koma farko."

"Kai me ka gani?"

Na ce ban sani ba. Gaskiya na faɗa. Ban taɓa faɗar wannan kalma ga baƙo ba a aikina, kafin ranar ko bayanta.

Ba mu muka yanke ba. Chanda ya ji muryar uwarsa ta zana, ya saki igiyar, ya tsala ihu. Madam ta ture zanar ta shiga. Kafin in zagayo ta ƙofa har ta zauna a kan turmi tana ba shi nono, tana kuka, Kaka na tsaye a kanta.

Kaka ta nuna ni da sanda. Ta ce, "Ka ga aikinka? Daren jiya ban rintsa ba, ka zo ka zubar."

Na ba ta haƙuri. Madam ta sa na tambaye ta ko za ta sake karɓarsa in Kyaftin ya dawo. Kaka ta ce za ta karɓa, amma a bar mai kakin nan a gida.

Sha biyu saura minti goma na shiga ofis, na ɗora Chanda a kan teburin Manjo kamar yadda ya ce. Yaron ya kama biron Manjo ya sa a baki. Na ba da rahoto a tsaye, daga farko har ƙarshe.

Manjo ya ce, "To ɓacewa ya yi ko bai ɓace ba?"

"Bai ɓace ba, ranka ya daɗe. Uwarsa ce ba ta san inda yake ba."

"An sace shi?"

"A'a. Da yardarta aka tafi da shi."

"Ta yarda ya kwana?"

"A'a."

Ya riƙe kai. Ya ce to me za mu rubuta? Muka duba fom ɗin rahoto sama da ƙasa, babu gurbin da abin ya shiga. A ƙarshe ba a aika sigina ba. Ni aka ba takardar tuhuma, wai ban wayar wa iyalin kai kan al'adun gari ba. Na amsa ta cikin kwana ɗaya, na karɓi gargaɗi.

Da Kyaftin ya dawo ranar Asabar ya ji labari, ya yi dariya har ya zauna, sannan ya daina, ya dubi matarsa ya daɗe. Ranar Litinin ya zo ofis ya cika takardar izini da hannunsa. A gurbin wurin kwana ya rubuta gidan kaka, Rido. Manjo ya dawo mini da ita, ya ce a fayil ba su da dangi a Najeriya, wace kaka? Na ce a bar ta haka, ranka ya daɗe, ni ma ban san me zan kira ta ba. Ya sa hannu. Yaro ya yi kwana bakwai, ya dawo yana cin tuwo. Iyalin suka ƙarasa kwas tare.

Har yau in aka ce in nuna mai laifi ba zan iya ba. Mama Talatu ta faɗa, Madam ta amsa. Baba Yohanna ya riƙe amanar da aka ba shi. Manjo ya bi doka, ni ma ita na bi. Abin da na sani shi ne, muna koya wa baƙi yadda za su kiyayi mugu, ba ma koya musu yadda mutanenmu ke yin alheri. Mutanenmu kuwa ba sa bayanin alheri, domin a ganinsu kowa ya san shi.

Saboda haka ga roƙona gare ku. Duk ranar da kuka sauke iyali a gidan haya, kada ku miƙa makulli ku shiga mota. Ku tara matan gidan, ku zauna da baƙuwar a tsakiyarsu, ku ce duk wadda za ta taimaka mata ta faɗi abu uku tukuna: ina za ta, me za ta yi, yaushe za ta dawo. Ku fassara da bakinku, ko da za su yi muku dariya.