Ƙarfen Motar Malam Audu

Kwanakin baya na yi mako uku ba na iya zama wuri ɗaya. In na zauna a zaure sai in tashi in shiga cikin gida, in na shiga sai in fito in tsaya a bakin titi kamar mai jiran baƙo. Matata Hajiya ta tambaye ni ko ciwon ƙafata ne ya motsa, na ce mata a'a. Abin da ke damuna wani ƙarfe ne mai lanƙwasa biyu, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba, wanda ya shekara da shekaru a ƙarƙashin gadona.

Ƙarfen nan a hannun kakata na fara ganinsa. Iya Abu muke ce mata, mahaifiyar babanmu. A gidanmu na Limawa, lokacin Dutse ba ta zama abin da ta zama yau ba, in an gama tuwo sai ta ƙara kara a murhu, ta jawo kujerarta 'yar tsuguno, mu kuma mu kewaye ta. Tana da tatsuniyoyi irin na kowace tsohuwa, amma mu ɗaya muke so, labarin tseren kakanmu. In muka matsa mata sai ta shiga ɗaki ta fito da ƙarfen a naɗe cikin tsohon zane, ta ɗaga shi sama ta murɗa iska da shi, ta ce, "Ga ta nan tafe da hayaƙinta!" Mu kuma mu amsa da ƙarfi, "Ta tsaya mu hau!"

Kakanmu direba ne tun zamanin da mota take abin kallo. Ya rasu kafin a haife ni, amma motarsa tana nan a bayan gida, akori-kura mai bodin katako, tayoyinta sun nutse a ƙasa, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Irin motocin nan ba a tayar da su da makulli. Ƙarfe ake zurawa a wani rami a hancinsu, a murɗa da ƙarfin damtse har inji ya kama. Direban da ya rasa ƙarfensa, in motar ta mutu masa a hanya, to ya zauna ke nan.

Yadda Iya take ba da labarin, motoci biyu ne kawai suke ɗaukar gyaɗa daga wannan yanki zuwa ma'auna a Ringim, inda jirgin ƙasa yake tsayawa. Ɗaya ta kakanmu, ɗaya ta wani Malam Audu, mutumin Jahun. Kullum gardama ake a kasuwa kan wadda ta fi gudu. Ranar nan, damina tana ƙarewa, gyaɗar fari ta shigo, sai fatake suka ce a raba gardama. A yi wa motocin lodi daidai wa daida, kowane direba shi kaɗai a motarsa, su tashi tare daga bakin kasuwar Jahun. Wanda ya riga isa ma'auna, shi za a riƙa ba lodi a kakar nan.

"Mutane har kan bishiya," in ji Iya. "Mata sun bar daka, makafi ma sai da aka jawo su su ji ƙara. Da aka saki hular da aka ɗaga, sai ƙasa ta ɗauki rawa!"

A nan takan miƙe tsaye duk da ciwon gwiwarta. Ta yi kukan inji da bakinta, ta yi ƙarar oda, ta nuna yadda gargada take jijjiga haƙoran direba. Malam Audu ne a gaba, kakanmu na bin sa. Jakuna na watsewa cikin gonaki. Wani mai keke ya faɗa cikin kunyoyin gona da kekensa. Ga hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Da suka iso wani rafi mai yashi, wanda babu gada a kansa, sai motar Malam Audu ta shiga tsakiya ta mutu. Kakanmu ya sa babbar giya, ya ratsa ta gefe, ya haye. Shi ya fara isa ma'auna, aka ɗaga shi sama ana kirari.

Mukan yi ihu mu yi tsalle. Ita kuwa sai ta naɗe ƙarfen a hankali ta ce, "Mota ta tsaya, kowa ya sauka." Ban taɓa lura cewa ita ba ta dariya a wannan wurin ba.

Ina da shekara goma sha biyu ko sha uku na saci ƙarfen da rana, na zagaya bayan gida don in tayar da motar kakanmu. Na zura shi a ramin, ya ƙi shiga. Na juya shi, na buga da dutse, ya ƙi. Bakinsa daban, ramin daban. Da yamma, bayan ƙannena sun watse, na ce mata, "Iya, ƙarfen nan ai ba na motarmu ba ne."

Ta daɗe tana tura kara cikin wuta. Ta saba tsokanata da "mijin banza, ko cefane ba ka iyawa," amma ranar ba ta tsokane ni ba. Ta ce, "Zauna, mai gida. Tunda hannunka ya gano, kunnenka ma ya ji sauran."

Ashe tun kafin a kai rafin, gargada ta kakkaɓo ƙarfen Malam Audu daga maƙalarsa, ya faɗi a hanya bai sani ba. Kakanmu da ke baya ya gan shi, ya taka birki, ya dira ya ɗauka, da niyyar in sun isa ya miƙa masa. Da ya iso rafin ya tarar da Malam Audu a tsaye cikin yashi yana ɗaga hannu, yana cewa, "Ara mini ƙarfenka, nawa ya faɗi!" Kakanmu ya leƙo ya ce, "Bakinsu ba ɗaya ba ne!" Ya wuce.

"Bai yi ƙarya ba," in ji Iya. "Bakinsu ba ɗaya ba ne. Amma wanda ya dace ɗin yana ƙarƙashin ƙafarsa."

Kafin la'asar ruwa ya sauko. Rafin ya kawo, ya shanye motar Malam Audu har sitiyari, gyaɗar mutane ta lalace. Sai bayan kwana biyu aka jawo ta da shanu. Daga ranar ba wanda ya ƙara ba shi lodi, ya koma gona. Kakanmu ya samu suna, amma bai taɓa ba da labarin tseren da bakinsa ba. Sau biyu yana ɗaukar ƙarfen ya nufi Jahun, kunya tana dawo da shi daga hanya. Da ciwon ajali ya kama shi ya bar wa Iya.

"Ni mace ce, ban san hanya ba, babanka kuma ba ya son a ta da maganar," ta ce. "Kai ne mai ƙafa. In ka girma ka kai musu. Ajiya ce, ba gado ba ce."

Na ce to.

Wannan "to" ɗin ta fi shekara hamsin a wuyana. Na gama firamare, na koyi ɗinki, na yi aure. Jahun ba nisa, na je ta biki, na je ta jana'iza, ban taɓa ɗaukar ƙarfen ba. Kullum sai in ce wa kaina, wa zai tuna? In je in tona asirin mamaci a kan guntun ƙarfe? Iya ta rasu ban kai ba. Sannan na ƙara da wani laifin. Da Dutse ta zama babban birnin jiha, ma'aikata suka cika gari suna neman ɗakin haya, na dubi motar kakanmu na ga ta tare fili. Na kira 'yan gwangwan. Wuni ɗaya suka yi suna yanka ta da wuta, katakon kuma aka yi girki da shi. Ko lambarta ban cire na ajiye ba. 'Ya'yana sun tashi ba su san labarin tseren ba, domin in na fara ban san inda zan tsaya ba.

To, watan jiya na raka Hajiya asibiti a Jahun. Muna jiran mota a hanyar dawowa sai na hangi taro a wani garejin makanikai. Na matsa. A ƙarƙashin rumfar kwano ga akori-kura, an yi mata fenti kore, katakonta ya sha mai, 'yan makaranta sun kewaye ta, samari na ɗaukar hoto da waya. Na tambaya ta waye. Mai garejin, wani mai suna Alhaji Isa, wanda ba zai wuce sa'an babban ɗana ba, ya ce ta kakansa ce, Malam Audu.

"Ruwa ya taɓa cinye ta, Baba," ya ce. "Amma tsohon bai yarda an taɓa ta ba. Duk Juma'a sai ya sa an juya injin don kada ya daskare. Babana ya ci gaba, ni ma haka. Komai nata na asali ne, ban da ƙarfen tayarwa. Wannan maƙeri ne ya ƙera, zamewa yake, har ya taɓa targaɗa ni. Na asalin ya ɓata a hanya ranar wani tsere."

Na ce Allah sarki. Na ja Hajiya muka hau mota. Abin da na yi ke nan, ni da furfurata, daidai abin da kakana ya yi a bakin rafi.

Shi ne mako ukun da na faɗa. Ranar Asabar ta huɗu na naɗe ƙarfen a zanen Iya, na hau motar Jahun tun da hantsi. A Kiyawa saura kaɗan in ce a sauke ni. Na riƙe bakina.

Na samu Alhaji Isa a ƙarƙashin wata mota. Ya fito yana goge hannu, ya ce, "Baba, lafiya? Ko Hajiya ce?" Na ce mu koma gefe. Na faɗa masa duka, har maganar da kakana ya yi ta taga, har shekarun da na yi ina wucewa ta garinsu. Na warware zanen na miƙa masa. Ya karɓi ƙarfen ya juya shi, ya shafa bakinsa da yatsa, ya nufi rumfar. Ya zura shi a hancin motar, sai ji muka yi ƙwas, ya zauna daram. Ya gyara tsayuwa ya murɗa sau ɗaya, sau biyu. A na uku injin ya yi tari, ya kama, rumfar ta ɗauki rawa kamar yadda Iya take faɗa.

Ya bar ta tana ruri, ya juyo idonsa ya yi ja. Ya ce, "Tsohon har ya rasu yana cewa sakacinsa ne, bai ɗaure shi da kyau ba. Ina ma ya ji wannan." Sannan ya ce, "Allah ya jiƙansu duka, Baba. Mun yafe." Can sai fuskarsa ta washe. "To ina taku? Wadda ta ci tseren? A kawo ta mu jera su a nan, yara su ga duka biyun!"

Na ce masa babu ita. Na ce ni na sa aka yanka ta.

Ya ce, "Ayya." Bai ƙara ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ina yaro na ɗauka Iya labarin gudu take ba mu. Yanzu na ga cewa kowane dare tana kai mu bakin rafin nan ne, tana jiran ranar da wani zai tsaya. Na tsaya, amma a makare, bayan na rasa abin da zan nuna wa jikokina. Jiya na tara su bayan magariba na ba su labarin tun daga kasuwa har ruwan da ya kawo, ban rage komai ba. Ƙaramar cikinsu ta tambaye ni inda motar take. Na ce Juma'a mai zuwa zan kai su Jahun su ga ta Malam Audu, in an ba su dama su taya murɗawa.