Agogon Kawu Ummaru a Hannun Kowa

Duk wanda ya san Kawu Ummaru na Danchadi ya san ba ya fara cin tsire sai ya kwance agogonsa ya cusa cikin hula. "Kar munahuki shi gani," in ji shi.

'Yarsa Hajara, ma'aikaciyar jinya a Shagari, ita ta sayo masa bayan likita ya ce zuciyarsa ta fara gajiya. Agogon yana auna bugun zuciya, in mutum ya faɗi ya sani, nan take kuma ya kai ƙara wayar Hajara. Kawu bai taɓa yafe masa wannan tsegumi ba.

Wata rana ya dawo daga ban ruwan albasa, ya ɗan jima a zaune, sai agogo ya girgiza, wai ya tashi ya motsa jiki. Kawu ya kalle shi sama da ƙasa.

"Ni ka goyonka tun da sahe, kuma ni na raggo?"

Daga baya ya mai da shi na jama'a. A ƙofar masallaci, a kasuwar Bodinga, kowa ya zo sai ya ɗaura masa.

Na ce, "Kawu, wayar Hajara fa yake tayarwa."

"To ba aikinta na ba? Zuciyata na san halinta. A dibi ta mutane."

Sau nawa baiwar Allah ta hau kabu-kabu a guje, mayafi a hannu! Ran nan ta iske shi yana shan rake, agogo a hannun Malam Sani ladan. Malam Sanin ta wuce da shi asibiti, don ashe zuciyarsa na da ciwo, ga shi har yau yana kiran salla. Kawu ya yi ta baza riga, wai shi ya gano ciwon.

Mun yi dariya, har ita Hajarar.

Ranar da saƙon faɗuwa ya shiga wayarta, tana tsakiyar sa wa mara lafiya ruwa. Ta leƙa, ta ce, "Yau kuma hannun wa?" Ta bari sai ta gama. Ranar a hannun Kawu yake. Ni na same shi kwance cikin albasarsa, jikinsa ya riga ya yi sanyi.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa taurin kai. Ya sanyaya wa Hajara, Ya cire mata tunanin cewa laifinta ne.